Muhawara: shin mai ciwon daji ya bar nama ya koma ganye zalla?

'Yar Mairuno: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai wani sauti da ke yawo a wayoyi kwana biyun nan, wai duk wanda aka samu da saratan, wato ciwon daji, ya bar nama da ƙwai da madara da sukari, ya koma ganye zalla da ruwan lemun tsami, cikin wata uku ƙarin zai bushe, ba sai an je asibiti an karɓi maganin kimawi ba. Mata da yawa sun ɗauka. Masana na cikinmu, don Allah a raba mana aya da tsakuwa.

Dakta: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai sautin ya haɗa magana biyu ya dama su wuri ɗaya. Abincin mai lafiya da ke neman tsari daban, abincin wanda ciwo ya riga ya kama yake karɓar kimawi ko gashi, wato ƙona ƙarin da haske a asibiti, daban. A ta farko akwai gaskiya mai yawa. A ta biyu shawararsa kisa ce. Babu ganye ko lemu da ke busar da ƙari. Matar da aka gano nata ciwon nono yana mataki na ɗaya ko na biyu, ta tafi wata shida tana shan jiƙe-jiƙe, sau da yawa in ta dawo ya riga ya kai hammata ko ƙashi, kuma ciwon nono shi ne kan gaba a tsakanin matan Sudan. Wannan dai a fara ajiye shi gefe, sannan mu shiga tukunya.

Abu Nabati: Dakta na yarda kada a bar asibiti, amma kada mu rage wa maganar nama nauyi. A watan Oktoba na 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zama a Liyon ta Faransa, ta sa naman da aka sarrafa a rukuni na 1, wato tabbas yana jawo ciwon dajin babban hanji, jan nama kuma a rukunin da ke bi masa. Giram 50 na sarrafaffen nama kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Giram 50 fa sujuk ɗaya ne babba, ko yanka biyu zuwa uku na martadella. Tunda haka ne me zai hana a bar shi duka a huta?

Dakta: Alƙalumanka daidai ne, fassarar ce ke buƙatar gyara. Kashi 18 ɗin nan a kan haɗarin da mutum yake da shi dama ake ɗora shi. A ƙasar da mutum 5 cikin 100 ke kamuwa da ciwon hanjin a tsawon rai, masu cin sujuk kullum za su koma wajen 6. Ƙari ne na gaske, amma ko kusa bai kai na taba ba. Kuma mai saka saffar tumbak a leɓe safe da yamma in ya zo yana tambayar ko tsire zai kashe shi, ai ya bar jaki yana dukan taiki. Tumbak ɗin da ake kwaɓawa da atrun, wato kanwa, yana cikin tabar da aka auna aka samu ta fi yawan sinadarin da ke kawo ciwon dajin baki.

Abu Nabati: To ga binciken 'yan cocin Adbantis na Amurka da aka buga a 2015, mutum sama da 77,000. Waɗanda ba sa cin nama ciwon hanjinsu ya yi ƙasa da kashi 22 cikin 100.

Sista mai kula da abinci: Ɗan'uwa ka karanta shi har ƙarshe. A cikin wannan binciken, waɗanda suka fi kowa tsira su ne masu cin ganye da hatsi tare da kifi, kashi 43. Ke nan ba barin duk abin da ya fito daga dabba ne sirrin ba, cika kwano da wake da ganye da hatsi mai dusa ne. Ma'aunin da masana ciwon daji na duniya suka tsaya a kai a 2018 shi ne: alyaf, wato zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, giram 30 a rana, ganye da 'ya'yan itace giram 400, jan nama dafaffe kada ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, wato kusan ratal ɗaya da rabi ɗanye, sarrafaffe kuwa kaɗan ƙwarai ko babu. Ku duba da kyau, yawancin gidajenmu a wannan halin da ake ciki ba su ma kai rabin wannan naman ba. Mu dama kisra da mulah, wato miya, da waken ful muke ci. Matsalarmu tana wani wuri.

Baba Alhaji: Yauwa 'yata, abin da nake jira a faɗa ke nan. Ina matsalar take?

Sista mai kula da abinci: Uku ne Baba. Mun koma farin burodi da dawa surfaffiya, sukarin shayi ya yi yawa, sai kuma gyaɗa, wadda zan bar wa Malamin Gona don gonarsa ce. Giram 30 ɗin alyaf ba wuya: kwanon ful na giram 200 yana ba da wajen 10, adas mai ɓawo dafaffe giram 200 wajen 15, gwaiba ɗaya da 'ya'yanta 3 zuwa 5. Jan adas da aka ɓare bai kai mai ɓawo ba. Kisra ko asida, wato tuwo, in da garin dawar da ba a surfe ba aka yi, kowane giram 100 na garin yana ƙara 6 ko 7. In an surfe ta fes don ta yi fari, rabon ya tafi wurin awaki. Wanda bai saba ba kada ya tashi rana ɗaya ya ninka, kumburin ciki zai sa ya tsani abin. A ƙara ludayi ɗaya duk bayan kwana uku, a yawaita ruwa.

Sukari kuwa, ba gaskiya ba ne cewa in an daina sha ƙari zai mutu da yunwa. Hanta tana ƙera sukarin jini da kanta, ko daga tsokar jikin mutum ne. Illarsa ta hanyar ƙiba take zuwa, kuma an danganta ƙiba da nau'in ciwon daji 13. Iyakar rana giram 50 ne, cokalin shayi 12. Kofi huɗu na shayi mai cokali uku-uku ya cinye kason, tun ba a zo ga karkade da zalabiya ba.

Malamin Gona: Na karɓa. Ya jama'a, wanda zai bar nama ya koma dakwa ba tare da ya san gyaɗar da aka niƙa ba, gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta a 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Tana rukuni na 1, hanta take ci, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya haɗarin yana iya ninkawa har kusan sau 30. Tafasa ba ta kashe ta. Suya tana rage wani abu ne kawai, don sai zafi ya haura digiri 230 take lalacewa sosai, kafin nan gyaɗar ta zama gawayi.

Daga gona take farawa. In ruwa ya ɗauke wa gyaɗa a makonnin ƙarshe, ɓawon yana tsagewa a ƙasa, fumfuna ta shiga. Sai a tuge a tara ta tsibi da danshinta, tsakiyar tsibin ya ɗau zafi. Yadda ya kamata: a kifa ta ƙwaya sama ganye ƙasa, in an tsinke a shanya a kan tabarma ko mushamma, ba a kan turɓaya ba, kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsa huɗu, a riƙa juyawa, a rufe da dare saboda raɓa. Ta bushe in an girgiza ana jin ƙwayar na kaɗawa a ciki, in an ciza ta karye ƙas, ba ta lanƙwashe ba. A zuba a buhun haisha mai numfashi, a ɗora a kan katako, tazarar taku ɗaya daga bango. A ƙasar Gini an gwada irin waɗannan matakan a ƙauyuka, aka buga a 2005, gubar da ke jinin mutanen ta sauka ƙasa da rabin ta maƙwabtansu.

Inna Mai Kisra: Malam, mu da muke saye a kasuwa fa? Ba mu ga gonar ba.

Malamin Gona: Inna, ki sayi ƙwaya, kada ki sayi niƙaƙƙiya in ba kin san mai yi ba. Mai kyau ana tsince ta a sayar da tsada, ragowar mai yamushi da ɓantare ita ce ta fi saurin tafiya injin niƙa, don in ta zama dakwa ba mai ganewa. Ki baza a faifai da rana tsaka, ki fitar da mai yamushi, mai baƙi ko kore-kore, mai huji, da wadda ta fashe. Ki soya sama-sama ki murje ɓawon jan, ki sake tsincewa, don a lokacin ne tabon da ke ɓoye yake fitowa. Duk wadda ta yi ɗaci a baki a tofar. Ƙwaya ɗaya cikin ɗaruruwa tana iya ɗauke da mafi yawan gubar buhu, shi ya sa tsincewa ke aiki. Kuma tsintattar kada a ba saniya ko akuyar tatsa, haka ruɓaɓɓen umbaz, wato tunkuza, gubar tana fitowa a nono. A binne ta.

Dakta: In ƙara a kan na Malam: kowa ya je a gwada shi ciwon hanta nau'in B. Wanda ba shi da shi ya yi riga-kafi, allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Baba Alhaji: To agashe, tsiren nan namu, fa? Kada ku ce mu bar abin da kakanninmu suka kawo ƙasar nan har ya zama na kowa.

Sista mai kula da abinci: Ba wanda zai raba Bahaushe da agashe Baba. Ƙonewar ce abin gudu, da hayaƙin kitsen da ke ɗiga a wuta ya dawo kan naman. A bari gawayi ya zama garwashi mai farar toka, a kafa tsinken a gefen wuta da tazarar taƙi guda, a rage kitse, a jiƙa naman da lemun tsami da tafarnuwa na awa ɗaya, a riƙa juyawa. Inda ya yi baƙi a yanke. Garin ƙulin da ake barbaɗawa kuma maganar Malamin Gona ta hau kansa. Sharmut, wato busasshen nama, da kilishi suna cikin naman da aka adana, kifin fasikh kuma gishiri ne ya yi masa yawa, shi kuwa abincin da aka adana da gishiri ana danganta shi da ciwon dajin tumbi. Su zama na ɗanɗano, ba na cika ciki ba. Shayi da jabana, wato gahawa, ma a bar su su huce minti huɗu ko biyar. Abin sha da ya haura digiri 65 yana ƙona bututun abinci, hukumar Liyon ta sa shi cikin abin zargi a 2016.

Inna Mai Kisra: Masu cewa miya ba nama ba ta da daɗi, hannu ne ba su iya ba. Ga mulah na mutum biyar. Albasa manya biyu a yanka ƙanana, man riɗi cokali biyu, a soya a wuta kaɗan har ta yi ja kamar dabino, minti goma sha biyar ba gaggawa, don daɗin duk a nan yake. Tumatir uku markaɗaɗɗe, a bari ruwansa ya tsotse mai ya taso. Wake dafaffe kofi biyu, a murƙushe rabi a bar rabi. Kawal ƙaramin cokali ɗaya, wato ganyen tafasa da aka ruɓar, ko furundu, daddawar batso ke nan. Su ne ke tsaya wa nama. Ruwa kofi huɗu, kasbara, tafarnuwa, ya dahu minti goma. Sai a rage wuta a barbaɗa weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, cokali biyu da hannun hagu ana burgawa da maburgi da dama. In aka zuba ta gaba ɗaya cikin tafasa za ta yi gudaji. In aka rufe tukunya ko aka bar ta fiye da minti biyar yauƙin ya tsinke. Lemun tsami a kan kwano ake matsawa, ba a tukunya ba.

Lalo da rijla da ganyen wake da zogale kuma a ƙarshe ake sa su, minti biyar zuwa bakwai. Masu jefa atrun don ganye ya yi kore ko wake ya yi saurin nuna, su sani kanwa tana cinye bitamin. Jiƙo ya fi: ful awa 12, a sauya ruwan sau ɗaya a lokacin zafi kada ya yi tsami. Waken fasuliya kuwa bayan jiƙo dole ta tafasa da ƙarfi minti 10 kafin a rage wuta, in ba haka ba tana sa amai.

Sista mai kula da abinci: Allah ya ƙara girma Inna. Kullun kisra da ya kwana ya yi tsami ma yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin hatsi, haka lemun tsami ko ruwan gongolez, wato 'ya'yan kuka, tare da abinci. Shayi nan take bayan ful kuwa yana hana shi, a jinkirta awa ɗaya. Wanda likita ya ce yana da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD ya bar ful ya koma adas da kabkabe da adasiya.

Yanzu ga maganar majinyaci, a nan na fi son a tsaya. Ciwon da maganinsa duka suna cin tsoka. Majinyaci yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 sai mu ce giram 75. Mu lissafa: madidar gero da madara tafasasshiya kofi ɗaya da dakwa cokali biyu, 16. Ful giram 200 da ƙwai ɗaya, 21. Adas mai kauri giram 200, 18. Kifi giram 100 a mulah, 20. Ga 75. Yanzu ku cire madara da ƙwai da kifi kamar yadda mai sautin ya ce, saura 41. Don cike gurbin sai ya ƙara manyan kwanuka biyu na wake, shi kuwa mutum ne da loma uku ke ishe shi, bakinsa duk gyambo. Ta haka ake ramewa, jini ya faɗi, ranar kimawi ta zo a ce a koma sai wani mako. Wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida, wato kilo 3 ga mai 60, a gaya wa likita, kada a jira.

Abu Nabati: Amma Sista ana iya haɗa giram 75 daga tsiro kaɗai, da ɗahina da dakwa da kabkabe.

Sista mai kula da abinci: Ana iyawa ga mai cin abinci sosai, da mai auna masa, da ƙwayar bitamin B12 wadda babu ita a tsiro. In da waɗannan ukun ban hana ba. Amma kada a ɗora wa marar lafiya takunkumi a kan wahalar da yake ciki. Abin da muke hana mai ƙiba shi muke ba majinyaci: cokalin man riɗi a kan ful kalori 120 ne, cokalin ɗahina wajen 90, ba su cika ciki. A ba shi kaɗan-kaɗan sau shida a rana. Mai tashin zuciya ya fi jure abinci mai sanyi don ba ya tashin ƙamshi, da ɗan ruwan citta. Mai gyambon baki a bar masa shatta da lemun tsami da aradeb, wato tsamiya, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya, bikarbonat rubu'in ƙaramin cokali, gishiri rabin wannan. Wanda ake wa gashi a mara ko yake zawo, ko aka yi masa aikin hanji kwanan nan, duk maganar alyaf ta tsaya tukuna: farar shinkafa, kunun nasha tatacce, ayaba, jan adas da aka tace, sai hanji ya lafa.

Dakta: Tsakanin kwana 7 da 14 bayan kimawi fararen ƙwayoyin jini sukan sauka ƙasa. A kwanakin nan babu marara, babu umfitit, wato ɗanyen kayan ciki, babu nono ɗanye, babu ƙwai mai ruwa-ruwa, babu salatin kasuwa. Jarjir da tumatir in ba a tabbatar da ruwan wanki ba a dafa su. Ruwan sha ya tafasa minti ɗaya cur. Da yake wuta ba ta tsayawa, kada a dogara da tallaja, wato firiji. Abincin da ya yi awa ɗaya a waje a irin zafinmu ba na majinyaci ba ne, har wanda 'yan dubiya suka kawo a kula tun safe. Zazzaɓi ya kai digiri 38, asibiti a daren, ba a jiran gari ya waye, kuma kada a rufe shi da Panadol a kwanta.

Saidali mai ba da magani: Nawa gajere ne. Gireb, babban lemun nan mai ɗaci na Kassala, yana hana jiki sarrafa wasu ƙwayoyin ciwon daji da ake haɗiya, sai maganin ya taru a jini. Tasirinsa yana kai kwana biyu zuwa uku, don haka raba lokacin sha ba ya magani, a bar shi kawai. Ƙwallon mishmish da ake sayarwa da sunan bitamin B17 ba bitamin ba ne, gubar sayanid yake saki. Ƙwayoyin ƙarin bitamin ma ba a sha don riga-kafi: a Finlan a 1994 an ba mashaya taba sinadarin karas a ƙwaya, ciwon dajin huhu ya ƙaru maimakon ya ragu, alhali karas ɗin kansa ba ya haka. Habbatus sauda da zuma a ci a abinci, albarka ce, amma duk wani jiƙo ko gari a kawo kwalbar likita ya gani kafin a sha.

'Yar Mairuno: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe Sista, wadda ta gama magani aka sallame ta fa, wanne za ta bi?

Sista mai kula da abinci: In nauyinta ya dawo kuma hanjinta lafiya, ta koma ma'aunin masu lafiya: rabin kwano ganye, rubu'i wake ko ful ko kifi, rubu'i kisra ko asida ta dawa mai dusa, da tafiyar ƙafa minti 30 kwana biyar a mako. Ta riƙa hawa sikeli sau ɗaya a wata, don wasu magungunan nono da ake sha shekara biyar suna zuwa da ƙiba. Ranar komawa asibiti kuma ba ta ɗaguwa don an ji sauƙi.

Inna Mai Kisra: Na manta ban ce ba, kawal ɗin a jiƙa shi a ruwan ɗumi a tace tukuna, yakan zo da yashi.